Likitanku ya zagi 'yata bai sani ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne kan shirin lafiya na ranar Larabar da ta wuce, kuma ba yabo na kawo ba.

Ai kun ji amsar da likitan naku ya bayar da aka tambaye shi abin da ke sa haƙoran wasu yara su yi ja kamar an jiƙa su a ruwan goro. Wai ƙazanta ce da sakacin iyaye. Wai uwar da ta kasa tsayawa a kan ɗanta ya wanke baki ita ta jawo masa. Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya, har ya ƙara da nasa, wai a rage ba yara goro. A lokacin muna zaune a tsakar gida, rediyo na kan turmi, uwargida na tsintar shinkafa, 'yata Hadiza na gefe tana bitar karatu. Shekarunta 16. Ta rufe littafin, ta ja gyale ta kare baki yadda ta saba, ta shige ɗaki. Uwarta ba ta ce uffan ba, sai dai na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faifan. Na bar rediyon a kunne ko Allah zai sa ya gyara maganarsa. Ina! Sai ma ya ɗora da cewa ya kamata gwamnatocinmu su riƙa zuba sinadarin fulorayid a ruwan sha kamar yadda ake yi a Amurka.

A ruwan wa? Namu na nan?

Malam Edita, 'ya'yana huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Biyun farko a Garwa, nan Kamaru, aka haife su, can suka yi yarinta, haƙoransu fari fat. Daga nan aka tura ni koyarwa wani ƙauye a yankin Meri, a gindin duwatsun Mandara, na yi shekara tara. Can aka haifi Hadiza da ƙanenta. Uwar ita ce dai, tuwon shi ne, asuwakin darbejiyar ma shi ne, kowace asuba. Da Hadiza ta yi famfara, sababbin haƙoran suka fito da ɗigo-ɗigon fari kamar an shafa alli, daga baya suka rine, na gaban nan biyu suka yi ruwan ƙasa da 'yan ramuka. Ƙanenta ma haka. Rabin ajin da nake koyarwa haka bakinsu yake, amma ban taɓa tsayawa na haɗa wannan da wancan ba, don kowa ya ɗauka halittar mutanen wurin ce.

Abin da uwarta ba ta gwada ba, babu shi. Gawayi, toka, gishiri da lemon tsami, har kanwa. Na sha dawowa daga makaranta in tarar ta matse kan yarinyar a cinya tana dirza da tsumma, dasashi na jini, yarinya na kuka, ita ma hawaye na zuba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ta zo ziyara takan ce mata, “Ke 'yar nan, wace irin uwa ce ke? Dubi bakin jikata kamar na tsohuwa mai cin fure!” Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ki yi haƙuri Inna, zan ƙara kula.” Shekara da shekaru tana ɗauke da laifin da ba nata ba, ni ma ba zan wanke kaina ba, na taɓa yi mata faɗa a kai. Da muka dawo Marwa, wani mai wankin haƙori a kasuwa ya karɓi jaka biyu, ya shafa wa yarinyar wani ruwa mai ƙauri, ya kankare. Haƙoran suka yi haske na mako biyu, jan ya dawo, har yau kuma ba ta iya shan ruwan randa mai sanyi ba tare da ta runtse ido ba.

Sai da muka je wajen wata likitar haƙori a nan cikin gari. Ko madubinta ba ta ɗauka ba, ta dubi bakin sau ɗaya ta ce, “Baba, a ina aka haife ta? Wane ruwa kuke sha a can?” Na ce na foraj ɗin ƙauye, wato rijiyar burtsatse, garau da shi, ba wari ba ɗanɗano. Ta ce shi ne, fulorayid ya yi yawa a cikinsa. Ta juya ga uwargida ta ce, “Mama, ko sau goma kike wanke mata a yini, haka za su fito. Tun haƙoran na cikin dasashi abin ya shige su.” Ranar uwargida ta yi kuka a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ba.

Ni ba likita ba ne, amma tsohon malami ne, kuma tun ranar nan nake bin maganar. Fulorayid ɗin da likitanku ke yi wa kirari yana da amfani in ya zo daidai, yana ƙarfafa bayan haƙori, yana rage ruɓewa, ban musa ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. In ya zarce, yaron da ke shansa kafin ya kai kamar shekara takwas, lokacin da haƙoran girma ke ginuwa, zai fito da tabon da ba ya goguwa. In ya yi yawa ƙwarai, aka daɗe ana sha, har ƙashi da gaɓoɓi yake kamawa. Duwatsun yankinmu na ɗauke da shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana narkar da shi. A 2010 an buga binciken da aka yi kan ruwan kwarin Mayo Tsanaga, wannan kogin da ke ratsa Marwa, aka samu rijiyoyin da suka ninka waccan iyakar sau da dama. Ku ƙara da zafinmu na watan Afirilu, inda yaro ke ɗirkar ruwa moɗa bayan moɗa. Ashe likitan da aka kira ya yi bayanin binciken haƙori bai taɓa jin wannan ba?

Abin da ya fi ba ni haushi, Amurkar da yake kafa hujja da ita, ta jan haƙorin nan suka fara gano tasirin sinadarin a kan haƙori. Wani likita mai suna Frederick McKay ne ya sauka a jihar Kolarado a 1901, ya tarar da yaran wurin da baki irin na Hadiza, ya yi ta bin diddigi. Sai a 1931 aka tabbatar fulorayid ne a cikin ruwa. An kuma lura haƙoran nan masu tabo ba su cika yin kogo ba, shi ya sa aka nemi gwargwadon da zai kare ba tare da ya rina ba, har garin Grand Rapids ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945. Likitanku ya ɗauko wutsiyar labarin ya bar kan. Su can ƙarawa suke yi don ya yi musu kaɗan. Mu a wasu ƙauyukanmu cirewa muke nema.

Ya ɓata minti goma yana bayanin wayar jera haƙora da dashen haƙorin ƙarfe, abin da kuɗinsa zai sayi saniya. Da minti biyu kawai ya ware ya gaya wa iyaye cewa tafasa ruwa ba ya fitar da fulorayid, sai ma ya ƙara taruwa, da ya yi aikin lada, don maƙwabciyarmu har gobe tafasawa take yi tana ganin ta tsira. Da ya ce a sa a auna ruwan foraj kafin a miƙa wa ƙauye, a riƙa tanadar wa ƙananan yara ruwan sama mai tsabta ko na wata rijiyar da aka auna. Da ya ce ɗan ƙasa da shekara uku, man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, kuma a koya masa tofarwa kada ya haɗiye. Da ya ce a daina dirza da lemon tsami, don cinye bayan haƙorin yake yi. Ko ɗaya bai faɗa ba. Ya dai samu bakin cewa ƙazanta.

Washegari wata yarinya a makarantarsu ta ce wa Hadiza, “Kin ji an yi maganarki a rediyo?” Ranar Juma'a ta ce kanta na ciwo, ba ta je ba.

Don haka ina neman ku dawo da mutumin nan a wannan filin, a wannan lokacin, ya janye maganarsa da bakinsa. In girman kai ya hana shi, ku nemo likitan da ya taɓa aiki a yankinmu na Arewa Mai Nisa, ya duba bakin yaran Meri da idonsa. Kada ku yi mini irin abin nan naku na karanta layi biyu na wasiƙa a ce “mun gode da shawara”.

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Filin gaishe-gaishenku na ranar Asabar, daga Kano sai Kaduna, sai Maraɗi da Damagaram. Wata uku ke nan na aiko da gaisuwar auren ɗan ƙanena a Kusiri, har amarya ta tare ban ji an karanta ba. Mu na Kamaru da 'yan'uwanmu na Injamena da kuɗinmu muke sayen batir mu saurare ku, a riƙa tunawa da mu.

Naku mai sauraro,
Malam Sani, tsohon malamin firamare,
Domayo, Marwa, Jamhuriyar Kamaru.