Zuwa ga Mamana, kan rubutun nan da kike sakawa a waya

Assalamu alaikum Mamana.

Ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan lafiya lau alhamdulillah, Ummanku na gaishe ki, yaran ma duk suna gaisuwa. Na so mu yi maganar nan ta waya amma na san halinki, ina farawa za ki shiga "to Abba, to Abba" har mu gama ban ji komai daga bakinki ba, shi ya sa na ce gara in rubuto ki karanta a nutse, in kin samu sarari ki ba ni amsa.

Ƙanwarki ce ta turo min labarin da kike sakawa a WhatsApp da Wattpad, kar ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Na karanta tun daga shafin farko har inda kika tsaya kuma wallahi na ji daɗi, ba wai don in faranta miki nake faɗa ba. Wurin nan da kakar yarinyar take ƙirga cinikin daddawa bayan magariba, ta ware na adashi ta ƙulle a bakin zani, sauran ta tura ƙarƙashin tabarma don kar ɗanta ya gani ya ce ta ranta masa, ai na san tsohuwar nan, kowa ma ya san ta, babu lungun da babu irinta. Duk wanda idonsa ke ganin irin wannan kuma hannunsa ya iya rubuta shi, to Allah ya ba shi abu, saura riƙewa.

Amma daga tsakiya sai labarin ya canza min. Kwatsam ga wani matashin mai kuɗi da jerin motoci, ga asibiti a Landan, tsohuwa ta ɓace ɓat ba a sake jin ɗuriyarta ba, shafi guda cur ya tafi wajen lissafin leshi da takalmi da turaren da yarinya ta fesa. Na gangara ƙasa na duba sharhin da ake miki, nan na gane daga inda abin ya taso. "Anti dan Allah a haɗa ta da mai kuɗi." "Anti a ƙara yawan taifin." "Yau shiru ba ci gaba?" Kin ga kenan yanzu ba ke ke jan labarin ba, su ke jan ki, kuma abin da ya sa na zauna rubuto miki kenan.

Kin san a shekarun 1990 sana'ata kenan, buga wa marubuta littafi a kwamfuta, lokacin da littattafan soyayya suka cika Kano ana bayar da hayarsu a shaguna, yara na kai wa matan aure har cikin gida. Marubuciya za ta aiko ƙaninta da littattafan makaranta uku ko huɗu an ɗaure su da roba, in buga, in fitar a takarda a mayar mata ta duba. Wasu ko buɗewa ba sa yi, sai dai saƙo ya dawo a wuce da shi wajen ɗab'i kasuwa na jira. Wasu kuwa takardun za su dawo min jajur da jan biro, an soke rabin shafi, an ja kibiya an rubuta sabon zance a gefe da ƙananan baƙaƙe, wani lokacin babi sukutum za a ce in cire bayan na gama bugawa. Abin da na gani da idona shi ne masu jan biron nan su ake sake buga littafinsu, su ne har yau in mata suka zauna hira suke tuna sunayen mutanen cikin labarinsu. Waccan hanyar akwai wahala da kashe kuɗi amma ko ba ka so sai ta sa ka jira, kuma a cikin jiran ne gyara yake shigowa. Ku yanzu ba komai tsakanin yatsanki da mai karatu, kina gama taifin kina turawa, to jiran nan ke za ki ɗora wa kanki tunda ba mai ɗora miki.

Ga yadda nake so ki gwada. Kar ki sake tura shafin da kika rubuta a ranar. Ki bar shi ya kwana, da safe ki karanta shi da ƙarfi kunnenki na ji, duk inda harshenki ya sarƙe ko numfashi ya ƙare miki kafin jimla ta ƙare to akwai gyara a wurin. Ki fi sa ido kan hirar mutane, don nan ne ake gane marubuci. Tsohuwa ba ta magana irin ta 'yar jami'a, direban tasha ba ya magana irin ta liman, Basakkwace da Bakano ba bakinsu ɗaya ba, in kika rufe sunaye kika kasa gane wa ke magana to duk ke ce kike magana da bakinsu. Maganin wannan sauraro ne, a mota, a layin asibiti, a gidan biki, ki rage duba waya ki buɗe kunne. Sannan kafin ki fara sakin sabon labari ki tabbata kin san ƙarshensa kuma kina da shafuka da yawa a ajiye, ta yadda ranar jarabawa ko ranar da ba caji ba za ki zauna ki zubo shirme don kawai an dame ki ba. Wanda ya san inda labarinsa zai sauka ba a juya shi da sharhi.

Sai ƙa'idar rubutu, wannan kam ba zan ɗaga miki ƙafa ba. Ki sa allon rubutu na Hausa a wayarki, Gboard yana da shi kyauta, haruffa masu lanƙwasa duk suna ciki. Ki koyi inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ki sa aya da waƙafi, ki daina cusa Turanci inda Hausa ke da kalmarta. Masu karanta ki ba a Najeriya kaɗai suke ba, akwai na Maradi da Damagaram da Yamai waɗanda bokonsu na Faransanci ne, duk jimlar da kika cika da Turanci kin rufe musu ƙofa.

Kuma ki nemi mai duba miki, mutum ɗaya ko biyu masu iya ce miki nan bai yi ba, ba 'yan "wow Anti kin iya" ba. Ba kasawa ba ce. Abubakar Imam da kansa, da ya shiga gasar rubutun da aka shirya a 1933 yana matashin malamin makaranta a Katsina, sai da rubutunsa ya bi ta hannun edita, Rupert East, nan Zariya inda kike, kuma Imam ɗin ne ya zo ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. In kin zo hutu ki leƙa zaman ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, ki karanta shafi biyu a gaban mutane ki ji yadda ake fede rubutu. Sannan ina so ki gwada gajeren labari. BBC Hausa na shirya gasar Hikayata tun 2016, kalmomin da ake nema ba sa wuce 1,500, ko ba ki ci komai ba matse labari cikin wannan adadin zai koya miki abin da shafi ɗari na WhatsApp ba zai koya miki ba, don dole kowace jimla ta yi aiki ko ta fita.

Yanzu maganar tara jama'a, wadda na san ita ta fi damunki, don ƙanwarki ta ce kina yawan faɗin wance ta fara bayanki amma guruf ɗinta ya cika har an buɗe na biyu. Mamana guruf ɗin WhatsApp mutum 1,024 yake ɗauka, ki tambayi kanki a cikinsu nawa ne suke karantawa har ƙarshe, nawa ne kuma in kika yi wata ba ki saka komai ba za su neme ki. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne naki, kuma su ne masu kawo wasu, don har gobe littafi a bakin mata yake yawo, wannan ta ce wa waccan kin karanta kaza kuwa. Abin da ke riƙe su cika alkawari ne. Ki yanke ranaku, ko biyu a sati, ki faɗa musu, ki tsaya a kai ko ana ha maza ha mata. Ya fi ki yi kullum na sati biyu sannan ki ɓace. Wadda ta zauna ta yi miki sharhi mai ma'ana ki amsa mata da sunanta, wadda ta yi gyara ki gode ko ya yi zafi, wadda ta zo da zagi ki wuce kamar ba ki gani ba. Ki saurare su sosai, in sun ce wuri kaza ya ja da yawa ko ba su gane ba to sau da yawa gaskiyarsu ne, amma abin da zai faru a labari ba su za su yanke ba. Rigimar marubuta da habaici a sitatus kuma babu ruwanki, tana kawo 'yan kallo, ba ta kawo masu karatu.

Akwai hanyar da ta fi kowace saurin tara mutane, kin san ta na san ta, batsa. Za a zo miki da ita ta sigar shawara, a ce ki ɗan saki jiki haka ake yi yanzu. Ban hana ki rubuta soyayya ba, ban hana ki taɓo auren dole ko kishi ko sakin wulaƙanci ko abin da ake yi wa yara mata a ɓoye ba, ki rubuta su da gaske ma, marubuta mata na Kano sun yi tun kafin a haife ki sun sha suka kuma sun tsaya. Amma abin da ba za ki iya karantawa a gaban Ummanku ba kar ki sa sunanki a kai, kar ma ki sa sunan aro, don abin da ya shiga waya ba ya dawowa, yana nan har ranar da 'ya'yanki za su iya karatu.

Kuɗi kuma kar ki yi gaggawarsu. Na san tsarin, a saki shafukan farko kyauta sannan a ce mai son ci gaba ya biya a sa shi a guruf na kuɗi, ba laifi ba ne, guminki ne. Sai dai ki bari sai kin kammala labari biyu ko uku kyauta mutane sun yarda ba kya yasar da su a hanya, kuma kar ki taɓa karɓar kuɗin mutane kan littafin da ba ki gama rubutawa ba, bashi ne. Za a sace, wannan ki sa a ranki, wata za ta biya ta kwafe ta watsa, wani zai karanta a YouTube bai tambaye ki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanki, don haka ki dinga tura wa kanki kowane babi ta imel kafin ki sake shi, kwanan watan zai zama shaida, kuma ajiya ce in waya ta faɗi ko an sace. Kar kuma ki tara komai naki wuri ɗaya. Kin ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 har Janairun 2022, kin ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a shekarar 2021 ɗin, shafin sayar da littattafai na OkadaBooks da marubuta da yawa suka zuba littattafansu ya rufe a 2023. Ki riƙe wuri biyu ko uku, cikakken rubutun kuma yana hannunki.

Mazan da za su biyo ki ta bayan fage da sunan masoya rubutunki, wannan Ummanku za ta yi miki magana a kai, ni dai abin da zan ce lambar da kike harkar rubutu da ita ta zama daban da ta gida. Karatunki kuma shi ne gaba, lokacin jarabawa ki sanar da su kin tafi hutu, masu sonki za su jira.

Na tura miki kuɗin data ta asusunki, ki duba. Babi na gaba ki turo min kafin ki saka, ba don in hana ba, so nake in riƙe miki jan biro kamar yadda na ga ana yi. Kuma dan Allah ki dawo da tsohuwar nan cikin labarin, ina so in san ko ɗan nata ya gano kuɗin.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Abbanki.