Bethlehem Steel ya mutu, wa ke kula da ƙarfen da ya bari? Amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Naga tambayar da ka jefo min a gaban jama'a, kace tunda kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya rushe shekaru sama da ashirin, gadoji da dogayen benayen da aka gina da ƙarfensa fa, wa zai ɗauki alhaki in wani abu ya faru, kuma anya mutum ya yarda da ƙarfen da mai shi baya raye? Gaskiya tambayar ta min daɗi, saidai ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, mutuwar kamfani daban lafiyar ƙarfe daban.

Kamfanin a garin Bethlehem na jihar Pennsylvania ya taso tun 1857 da wani suna, sai a 1904 ɗan kasuwa Charles Schwab ya mayar dashi Bethlehem Steel Corporation. Abinda ya ɗaga shi shine kasadar da Schwab yayi da fasahar wani injiniya Henry Grey, injin da ke murza ƙarfe mai zafi ya fito da ginshiƙi guda cur mai siffar harafin H, aka fara a 1908. Kafin nan ginshiƙi haɗa shi akeyi, faranti nan kusurwa can, a ɗaure da ƙusoshi masu zafi ɗaruruwa, kuma ai kasan duk inda akayi haɗi nan ne rauni yake ɓuya, ƙusa ɗaya tayi sako-sako ko rami ya karkace ba mai gani. Da ginshiƙin ya zama ɗaya sai wuraren kuskure suka ragu, injiniya ya buɗe littafin awo yaga faɗi da kauri da nauyin da zai ɗauka yayi lissafinsa hankali kwance. A ganina wannan ne babban gadon da suka bari, ya fi duk jiragen ruwa sama da 1,000 da suka ƙera lokacin yaƙin duniya na biyu.

Toh amma karka ɗauka amanar a bakin kamfani take. Ƙa'idar ingancin ƙarfe ƙungiyoyi irin su ASTM da AISC ke rubutawa, AISC ma tun 1923 ta fitar da tsarinta na farko, kuma kowane narki yana fitowa da takardar gwaji da ke nuna sinadaransa da ƙarfinsa. Kamfanin ya shigar da takardar karyewa a 2001, International Steel Group ta saye kadarorinsa a 2003, daga nan suka koma hannun kamfanin ƙarfe na Mittal, duk wannan bai rage ko awo ɗaya daga ƙarfin ginshiƙin da aka kafa a 1930 ba. Alhakin yanzu yana wuyan mai ginin da hukumar da ke dubawa.

Abinda ke cin ƙarfe tsatsa ce, da gajiya in an daɗe ana danna shi ana saki, da wuta, domin in zafi ya kai wajen digiri 600 na Celsius kusan rabin ƙarfinsa ya tafi. Dubi gadar Golden Gate ta birnin San Francisco, reshen Bethlehem mai suna McClintic-Marshall ne ya haɗa ƙarafanta aka ɗauko su ta mashigin Panama, aka buɗe ta a 1937. Tana tsaye har yau saboda masu fenti basa barinta da iskar gishirin teku, an canza igiyoyin da ke rataye da ita a shekarun 1970, an canza daɓenta a shekarun 1980. Ita kuwa Silver Bridge da ta faɗi kogin Ohio a 1967 ta kashe mutum 46 (ba ƙarfen Bethlehem bane, kar a ɗora musu) wani ɗan tsagu ne a ƙarfe guda ya jawo, kuma bayanta ne Amurka ta kafa dokar duba gadoji, yawanci duk shekara biyu.

Inda nake ɗan jan baya da yabo shine lafiyar ma'aikata. Ana yawan kawo ragar da aka shimfiɗa ƙarƙashin Golden Gate lokacin ginin ta da hular kwano da aka tilasta, eh ragar ta ceci mutum 19, amma babban injiniya Joseph Strauss ne ya dage akai, kuma duk da haka mutum 11 sun mutu, 10 daga ciki rana ɗaya a Fabrairun 1937 da dandamali ya ɓalle ya yaga ragar. A cikin masana'antar kanta kuwa sai da ma'aikata sukayi yajin aiki a 1910, lokacin da yawansu awa 12 suke a bakin tanderu wasu har kwana bakwai a mako, ƙungiyar ƙwadago ma bata samu gindin zama ba sai bayan yajin 1941. Da kamfanin ya durƙushe hukumar inshorar fansho ta gwamnati ce ta karɓi fanshon mutum kusan 95,000, tsofaffin ma'aikata kuma suka rasa inshorar lafiya a 2003, wasunsu ga huhu ya sha ƙura da asbesto, wani sinadarin tare zafi mai lalata huhu.

Dan haka in ka tsaya ƙarƙashin tsohon gini mai tambarin Bethlehem, ka tambayi yaushe aka duba shi, ka kalli mahaɗai da gindin ginshiƙi inda ruwa ke kwanciya.

Nagode, a gaida gida.