Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kaduna: A Fito Da Wasanninmu Daga Cikin Littafi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin Hausa ne a wata sakandaren gwamnati a ƙasar Zazzau, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Na rubuto a fili ne domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Duk malamin da ya taɓa koyar da adabi a aji shida zai gane ta tun kafin in kai ƙarshe.

Ina da ɗalibai da za su zayyano maka jigon Jatau Na Kyallu da warwararsa, su faɗi zubi da tsari, su lissafo taurari ɗaya bayan ɗaya, amma ko sau ɗaya ba su taɓa jin maganar Jatau ta fito daga bakin mutum mai rai ba. Sun haddace wasan kamar yadda ake haddace ƙasashe da manyan biranensu, don jarrabawa ta zo ta wuce. Wannan abu yana ci mini rai, domin marubucin wasan, Shu'aibu Maƙarfi, ɗan wannan jiha, ba don a yi shiru a karanta ya tsara maganganun nan ba. Ta gidan rediyo a Kaduna mutane suka fara jin wasanninsa kafin su zama littafi. Kunne aka yi wa su, mu kuma mun mayar da su abin ido kawai.

Za a ce to me ya hana mu, ai littafin yana hannunmu, mu hau dandamali mana. Na gwada, ranka ya daɗe. Cikakken wasa irin wannan yana cin fiye da awa biyu, ga 'yan wasa da yawa, ga dogayen maganganu. Ɗalibanmu 'yan jeka-ka-dawo ne. Da an tashi, wannan zai tafi Islamiyya, wancan shagon ɗinki, waccan kuma ana jiran ta a gida. Abin da nake samu a mako shi ne minti arba'in, wani lokacin a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Sai da muka shafe zango guda ba mu wuce kashi na farko ba, yaran suka gaji, ni ma na haƙura. Shi ya sa idan ranar ba da kyaututtuka ta zo, yawancin ƙungiyoyi kan haɗa ɗan barkwanci na kwana biyu a kan shaye-shaye ko satar amsa, su ɗauko salon abin da suke gani a waya. Ba na raina ƙoƙarin yaran. Sai dai Hausar da ke ciki ba ta da nama, alhali ga tukunya cike a ajiye a ɗakin karatu.

Abin da nake roƙo shi ne ma'aikatarka ta ɗauki nauyin gajarta fitattun wasanninmu, kowanne ya koma na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a buga su a littafi guda, a raba wa makarantu.

Na san akwai masanan da za su ce wannan yanka ne, taɓa aikin magabata ne. Ina girmama wannan tsoro, amma ina ganin tarihi yana gefenmu. Gajeren wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da azumi ya kai kwana goma, yara kan fito tashe. A ƙofar gida, cikin minti uku ko huɗu, da gemun auduga da tsohuwar riga, za su yi maka Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani, su ba ka dariya su kuma bar ka da abin tunani, sannan su wuce gida na gaba. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa hula da babbar riga ta zama miji, su koya wa juna zaman aure a tsakar gida ba tare da labule ko fitila ba. Yaran da nake koyarwa da wannan suka tashi. Sun san yadda ake shiga magana kai tsaye a fita kafin mai kallo ya ƙosa. Abin da ba su samu ba shi ne rubutu mai nauyi da za su zuba wannan gwaninta a ciki.

Shi kansa rubutaccen wasan Hausa a makaranta aka haife shi. Wasanni shida da Rupert East ya fitar a shekarun 1930 don 'yan makaranta ya yi su. Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda ta zama Barewa, ya fara rubuta wasanni ana yin su. Wasan Marafa na Abubakar Tunau shi ma daga wannan tsatso ya fito. Sauya wa aiki riga kuwa magabatan sun riga mu. Shaihu Umar labari ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, sai Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, daga baya Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Ibrahim Yaro Yahaya ya ɗauko wasan Shakespeare ya ba mu Daren Sha Biyu. Babu wanda ya ce sun ci amanar masu aikin. Sun ƙara musu tsawon rai ne.

Bari in faɗi yadda na yi da Jatau Na Kyallu bayan waccan gazawar, domin a ga cewa abin mai yiwuwa ne, a kuma ga inda wahalarsa take. Na zauna na tambayi kaina, wane ƙulli ne idan aka cire shi wasan ya mutu? Amsar ita ce mutum mai rufin asiri da ya bi son zuciya ya auro Kyallu, gidansa da dukiyarsa suka tafi yana kallo. Duk abin da bai taɓa wannan igiya ba na ajiye shi gefe, har da wuraren da nake matuƙar so, kuma a nan ne hannu ke rawa. Na tsaya a fitowa uku: kafin auren, tsakiyar zaman, da ranar da komai ya ƙare. 'Yan wasa suka koma bakwai. Giɓin da ya rage tsakanin fitowa da fitowa sai na ba wani yaro mai murya, ya fito a matsayin sanƙira, ya ba da labarin abin da ya faru cikin jimla huɗu ko biyar, da ɗan kirari, kamar yadda ake shela a wurin biki. Wannan dabara ta cece mu daga canza kayan dandamali, ta kuma ba masu kallo abin da suka saba da shi.

Doka guda na kafa wa kaina, kuma ita nake so ta zama dokar duk wanda za a ba wannan aiki: a rage, amma kada a sake rubutawa. Duk maganar da ɗan wasa zai furta ta zama ta marubucin ce, da karin maganarta da habaicinta da zaurancenta. Idan aka fassara Hausar Maƙarfi zuwa Hausar yau don wai yara su gane, an zubar da abin da aka fito nema. Yaran nan suna ganewa. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ita ta fito a Kyallu, kuma da ta saki wani habaici, sai da iyaye mata da ke zaune a baya suka yi guɗa. Washegari ɗalibai uku suka zo neman aron cikakken littafin, abin da ban taɓa gani ba a shekarun da na yi ina koyar da shi. Kada kuma a canza ƙarshen wasa don a faranta wa kowa. In marubuci ya bar tauraronsa cikin nadama, a bar shi a nan.

Dalilin da ya sa ban tsaya a makarantarmu na yi shiru ba shi ne akwai abin da ya fi ƙarfin malami guda. Waɗannan littattafai suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka Uwar Gulma ta Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna ta Umaru Ɗanjuma Katsina, da Zamanin Nan Namu na Maƙarfi, duk ba kayan tsintuwa ba ne. Ni ba ni da ikon buga gajeren sigarsu in raba wa wasu makarantu. Ma'aikata ce za ta iya zama da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda ya buga da yawa daga cikinsu, da iyalan marubutan, a nemi izini, a biya su haƙƙinsu, a sa sunan mai wasan a sama da na wanda ya gajarta. Iyalan nan sun cancanci a ƙwanƙwasa musu ƙofa da girmamawa.

Ma'aikatan da za su yi aikin kuwa ba sai an je nesa ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, da dandalinta na ginin ƙasa a Samaru, kuma malamanta sun daɗe suna kai wasa ƙauyuka irin su Soba suna yi da manoma. Ga sashen harsunan Afirka a jami'ar, ga masu koyar da Hausa a kwalejojin ilimi. Roƙona shi ne kada a bar masana su kaɗai a ɗaki. A haɗa su da malaman sakandare da suka san tsawon minti arba'in, kuma kowane gajeren wasa a gwada shi da yara na gaske kafin a kai shi maɗaba'a. A kowane wasa a ƙara shafi guda da zai nuna wa malami yadda zai yi shi a makarantar maza zalla ko ta mata zalla, da yadda zai bi da wuraren da suka shafi zaman banza ko rikicin aure ba tare da iyaye sun ɗaga gira ba. Ni kafin mu fito sai da na gayyato shugaban ƙungiyar iyaye da malamai da limamin unguwa suka kalli gwaji, suka ba da shawara a kan sutura, muka gyara.

Ban manta ba cewa jiharmu ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Yaro a Kafanchan ko Zonkwa da ke fama da wasan Wole Soyinka ko na Shakespeare don jarrabawar adabin Turanci yana cikin irin wannan hali, kuma wannan hanya za ta yi masa aiki. In an fara da wasanni shida na Hausa aka ga yadda suka karɓu, sai a bi da na Turanci. Daga nan a sa gasa, kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 ta fitar da makaranta guda, a haɗu a Kaduna sau ɗaya a shekara. Jihar da ta ba Arewa ɗan wasa irin Ƙasimu Yero ba za ta rasa yaran da za su cika wannan dandali ba.

A ƙarshen wannan zango ɗalibaina za su sake fitowa da wasan, a filin makaranta, bayan la'asar. Takardar gayyata za ta iso ofishinka ta hannun shugaban makarantarmu. In ayyuka sun yi maka yawa, ka turo mana daraktan da ke kula da manhaja, minti ashirin kawai muke nema ya zauna a kan benci tare da iyaye.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Malamin Hausa daga ƙasar Zazzau