Wasiƙa zuwa ga Isuhu: motar ta fi ƙarfin garejin Baba

Damagaram, ranar Lahadi

Aminina Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗaki da yara. Ya sanyin Beljiyam? Mu nan lafiya lau, Hajiya tana gaishe ka.

Motar da na ba ka labari ta iso, Corolla ce ta 2014. Alhamdu lillahi, amma da sauran rina a kaba. Ka tuna garejin da marigayi Baba ya gina wa Starlet ɗinsa a gidanmu na Birni? To, ta ƙi shiga. Na tura hancinta har ya kusa taɓa bango, bayanta na waje, ƙyaure bai rufu ba. Da na sa igiyar awo, sai na ga ta ɗara Starlet da kusan mita guda. Ga kuma lungunmu da ka sani: jiya na haɗu da amalanken jaki, sai da na naɗe madubi, na ja da baya har bakin masallaci.

Abin ya tsaya mini a rai, don a saninmu Corolla ƙaramar mota ce. Ta farko, ta 1966, ba ta kai mita 4 ba, nauyinta wajen kilo 700. Tawa ta haura mita 4.6. Golf ɗin da kuke gani kullum ma haka: ta 1974 mita 3.7 ce, ta yanzu ta doshi 4.3.

Ban ce ƙibar banza ba ce. Ka buɗe ƙofarta ka ji nauyi, ƙarfe ne a ciki, ga jakunkunan iska, an kuma ƙera gabanta ya lotsa ya shanye ƙarfin karo kafin ya iso ga mutum. Ni da na taɓa ganin wata tsohuwar mota a hanyar Takieta ta tukuikuye kamar gwangwanin madara, wallahi hankalina ya fi kwanciya in na ɗauki yara a wannan. Isansi ma ba ta sha yadda na ji tsoro.

Sai dai ginshiƙin gilashin gaba ya yi kaurin da yakan ɓoye mini ɗan kabu-kabu sukutum a mararraba. Tayarta ta fi tsada, in ta shiga rairayin hanyar ƙauyenmu cikinta na shara ƙasa, bakanikenmu kuma da yake gane ciwon Starlet da kunne ya ce wannan sai an jona mata kwamfuta.

Yanzu a ƙofar gidan maƙwabci take kwana. Magini ya ce a rushe bangon gareji a ci wani yanki na tsakar gida. Bangon da Baba ya tsaya a kai aka ɗora, Isuhu, na kasa cewa to. Me ka gani? Ka ba ni shawara kafin damina ta sauka.

A gaida yara.

Naka,
Sani