Murar dawakai da jakuna: iska ce babbar hanyarta

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe.

Hunturu ya kama, kuma muna roƙon a ba mu fili mu ja hankalin masu dawakai da jakuna a Sakkwato da kewaye kan murar nan da ke bin garke kamar wutar daji. Waɗanda suka ga ta ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 ba za su manta ba: daga jihar nan aka fara ba da rahotonta, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom a jihar Filato ta tabbatar nau'in ƙwayar mura mai suna H3N8 ce, kuma jakuna suka fi mutuwa, a nan da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka an gama kariya da zarar an raba wa marar lafiya kwamin ruwansa. Raba kwami yana da kyau, amma ba ta nan cutar ta fi bi ba. Ƙwayar tana zaune ne a hanci da maƙogwaro da bututun numfashi. Idan doki ya yi tari, ɗigon majina iri biyu ke fita. Masu kauri suna faɗuwa kusa, a kan harawa da ƙasa da hannun mai kula da shi. Ƙananan kuwa, waɗanda ido ba ya gani, ruwan jikinsu yana bushewa nan take su zama kamar ƙura, su yi ta yawo. Tari mai ƙarfi yana iya kai su tazarar mita 40 ko fiye. Su ne kuma suka fi nutsewa can cikin huhun wanda ya shaƙa. Ƙwayar ta fi daɗewa da rai a iska mai sanyi da bushewa, wato dai irin tamu ta Disamba da Janairu, ga ƙurar hazo da ta riga ta ƙuje hanyar numfashin dabbar.

Saurinta ne abin tsoro. Daga shaƙa zuwa fara ciwo kwana 1 zuwa 3 ne kacal, kuma dabba tana ci gaba da fitar da ƙwayar har kwana 7 zuwa 10. Jakin da aka sayo a kasuwar Illela ko Acida yana iya isowa gida garau, kafin mako ya zagayo duk turken ya kama tari.

Saboda haka duk sabuwar dabba, ko wadda ta dawo daga kasuwa, sukuwa ko hawa, a ɗaure ta daban kwana 14, nesa da sauran da aƙalla mita 50 idan fili ya ba da dama. A kuma lura da inda iska ke fitowa. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka baƙo ko marar lafiya kudu maso yamma da garke zai zauna, yadda tarinsa zai tafi daji. Katangar zana tsakanin turke biyu ba ta tare komai. Haka masu toshe barga ruf da buhuna saboda sanyi, da niyya mai kyau suke tara wa dabbobin iskar da marar lafiya ya fitar. A tare ɓangaren da iska ke bugowa, a bar sama a buɗe.

A nemi ma'aunin zafi, ba shi da tsada. A auna ta dubura safe da yamma. Zafin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyas, na jaki ya ɗan yi ƙasa da haka. Mura tana iya kai shi 41. Zazzaɓi yakan riga tari, shi ya sa ma'aunin ke kama ciwo kafin kunne ya ji. A kan jaki a ƙara sa ido, domin halinsa ne ɓoye ciwo. Sau da yawa abin da za a gani kawai shi ne ya sauke kai ya daina ci, kuma jakin da ya ƙi ci kitse yana taruwa a jininsa, wanda shi kaɗai yana kashewa.

Wurin da aka fi asara shi ne gaggawar mayar da dabba aiki. Ƙwayar tana kankare siraran gashin da ke share ƙura daga bututun numfashi, kuma sai sun yi kusan mako 3 kafin su dawo. Idan aka ɗora wa jaki mangala ko aka ɗaura masa amalanke a wannan tsakani, wasu ƙwayoyin cuta na daban suna samun ƙofa a buɗe, majina ta koma kauri ruwan ɗorawa, limoniya ta shiga. Ƙa'idar ita ce hutun mako 1 a kan kowace rana ta zazzaɓi, kuma kada ya gaza mako 3. Mun san wannan yana da nauyi ga wanda abincin gidansa ke bayan jakin, amma ya fi sayen wani sauƙi. A yayyafa wa ingirici da dusa ruwa don rage ƙura.

Alluran kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kasuwa ba sa taɓa ƙwayar mura. Amfaninsu sai zazzaɓi ya wuce kwana 3 ko 4, ko majina ta yi kauri, alamar waɗancan ƙwayoyin cuta na daban sun shiga, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi irinsu da yawansu. Linzami, ragama, akumari da bokiti a wanke da sabulu tukuna, sannan a jiƙa a ruwan bilic, kashi 1 cikin 10 na ruwa, a ɗauraye. Mai kula da dabbobi ya fara da masu lafiya, ya ƙare da marar lafiya, ya wanke hannu ya canja riga.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da dillalai su hana shigar da dabba mai tari cikin kara, sannan duk wanda ya ga dabbobi biyu ko uku sun kama tari a tare ya sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarsa a ranar, domin samfurin majinar da aka ɗauka a kwana biyun farko shi ya fi nuna ƙwayar a gwaji.

Daga wasu likitocin dabbobi,
Sakkwato.