Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Tabbatar Da Ingancin Kayayyaki Ta Nijeriya (SON) Kan Yadin Roba Da Wuta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan yadin roba, wato nailan da danginsa, wanda ya cika kasuwanninmu tun daga Kantin Kwari har kasuwar ƙauye. Da shi ake ɗinka hijabai da labule da rigunan yara, don yana da araha, ga saurin bushewa. Amma da hunturu ya kama, aka shigar da kasko ɗaki, yara suka kewaye murhu suna jin ɗumi, sai hankalin duk wanda ya san halin wannan yadi ya tashi.

Auduga in ta ci wuta toka take zama. Shi kuwa nailan narkewa yake yi, wani irin a wajen digiri 220 na ma'aunin Celsius, wani 260, ya riƙa ɗiga kamar kwalta, ya manne wa fata, ya ci gaba da ƙona nama ko an kashe wutar. Wanda aka gauraya da auduga ya fi muni, domin ƙonanniyar audugar ce ke riƙe narkakken zaren ta hana shi zuba, wuta ta yi ta ci a jikin mutum.

Abin yana da magani. Masana'antu kan zuba sinadarai cikin narkakken nailan tun kafin a ja shi zare. Masu ɗauke da fosfaras suna sa samansa ya yi ɓawon gawayi mai tare zafi da iska, dangin melamin kuma su saki iskar da ke shaƙe harshen wuta. Aikin da wuya, gaskiya ne: in sinadarin ya yi yawa zare kan yi rauni ya riƙa tsinkewa, ga ƙarin kuɗi. Shi ya sa wasu shafawa kawai suke yi a bayan yadi, 'yan wanki kaɗan ya fita. Ba mai masaƙar da zai ɗora wa kansa wannan nauyi in ba doka ce ta sa shi ba.

Amurka ta yi dokar yadi mai saurin kama wuta tun 1953, Birtaniya ta yi ta kayan barci a 1985. Mu ma muna roƙon a kafa mizani na dole, ko da a fara da tufafin yara da hijaban makaranta, a gwada yadin bayan an wanke shi sau da yawa, sannan a ba shi takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su.

Sai dai a yi hattara, ranka ya daɗe. A 1977 Amurka ta haramta Tris, wani sinadarin hana kama wuta, a rigunan barcin yara saboda haɗarin ciwon daji, kuma a 2017 Yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu guba, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sa decaBDE, shi ma na hana kama wuta, cikin jerin waɗanda za a kawar. Kada mu zama juji ga abin da wasu suka ƙi. Wanda ya shigo da yadi ya faɗi sunan abin da aka zuba masa.

Kafin nan, ga abin da ba ya buƙatar jira: a tilasta rubuta gargaɗin nesanta yadin daga wuta, da Hausar boko da ajami, a jikin bandir da wuyan riga, don tela da uwa su san abin da suka saya. A haɗa har da dilolin gwanjo.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mahaifi daga Kano