Ba Sai An Shirya Ba Kafin A Kashe Gobara: Amsa Ga Mai Tambaya

Ɗan'uwa, assalamu alaikum.

Ka tambaye ni a bainar jama'a yadda nake kiran Najeriya da Nijar su koma aiki tare kan tsaro da agaji, alhali tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 gwamnatocin biyu ba sa ga maciji da juna. Ka ce a fara shiryawa tukuna.

Ban yarda ba, kuma ga dalilina. A Maris na 2015, waɗanda suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram sojojin Chadi da na Nijar ne, a cikin ƙasar Najeriya. Mutanen garin da suka tsallaka kogin Komadugu da yara a goye, Diffa da ke Nijar ce ta buɗe musu ƙofa, ba wanda ya tambaye su takarda kafin ya miƙa musu ruwa. A lokacin ma ba a rasa zargi da ƙorafi tsakanin shugabannin ba, amma aikin ya yiwu.

Dubi Kamaru. Mun yi musayar wuta da ita kan Bakassi, har sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002. Duk da wannan tabon, sojojinmu da nata suna ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ɗaya ta ƙasashen yankin Tafkin Chadi da ke yaƙar Boko Haram, mai hedikwata a Ndjamena.

Shi ya sa ficewar Nijar daga rundunar a Maris na 2025 ta tayar mini da hankali. Na san an ɓata mata rai bayan juyin mulkin, an rufe iyaka, an yanke lantarki, har da barazanar yaƙi. Wannan kuskure ne babba. Amma masuncin Baga da manomin tattasan Diffa ne za su biya kuɗin fushin, domin ɗan bindigar da aka koro daga tsibiran tafkin yanzu ya san gaɓar da ba za a bi shi ba.

Ruwa ma haka. Idan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, Yola da Makurdi da Lokoja ne ke kwana a tsaye, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Sanarwa a kan lokaci kawai tana ceton rayuka.

Abin da nake nema kaɗan ne. Kwamandojin iyaka su riƙa ɗaukar wayar juna, a bar motocin abinci da magani su wuce, Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa tun 1964 ta ci gaba da zama ko shugabanni ba sa gaisawa.

Ka huta lafiya.